Hukuncin Marafa a Kan Kududdufin Bayan Makaranta

An ce wai a wani gari da ake kira Gangaren Marke an yi wani hakimi mai sarautar Marafa, dattijo mai sanyin magana, wanda ba ya yanke hukunci sai ya taka da ƙafarsa ya ga abin da ake rigima a kansa. Masu gaggawa kan ce nawa ta yi masa yawa, amma ba a taɓa jin wanda ya fita daga gabansa ya kai kuka gaba ba.

A gefen garin akwai makarantar sakandare ta kwana, shugabanta Malam Haladu, dogon mutum mai saurin hawa da saurin sauka, wanda ke son ɗalibansa kamar shi ya haife su, ko da yake da tsawa yake nuna son. Makarantar tana da ɗakin shan magani mai gado shida da ma'aikaciyar jinya guda ɗaya, Malama Laraba. Kowane zango iyaye kan biya ɗan abin da aka yanka musu na kuɗin magani, da shi ake sayen allura da ƙwayoyi.

Shekara uku a jere, da damina ta sauka sai zazzaɓin cizon sauro ya shiga kwantar da yara. Gado shida ya cika, a shimfiɗa tabarmi a baranda, kafin a kai tsakiyar zango magani ya ƙare ƙarƙaf. Hukumar makarantar ta ce wa Malam Haladu ya zaɓi ɗaya, ko ya ninka kuɗin magani ko ya rufe ɗakin. Rufewa ba ta taso ba, don asibiti mafi kusa tafiyar awa biyu ce a mota. Ninkawa kuwa, ya san akwai ɗalibai wajen arba'in, 'ya'yan ƙananan manoma, waɗanda da ƙyar iyayensu ke haɗa na yanzu. In aka ƙara ko kwabo, waɗannan za su tafi hutu ba su dawo ba. Abin ya tsaya masa a rai har tuwo ya daina yi masa daɗi.

Rannan da hantsi ya zagaya bayan ɗakunan kwanan ɗalibai, ya leƙa ta kan katanga, sai idonsa ya faɗa kan abin da ya shekara goma yana gani bai taɓa kula ba. Kududdufin magina ne, inda suke haƙar ƙasar tubali da rani, ga shi ya cika maƙil, kainuwa ta rufe shi, ga ƙananan ramuka birjik kewaye da shi kowanne da ruwansa kwance. Ya jefa dutse, sauro ya tashi kamar hayaƙi.

Ya ce, "Ashe ga mai cinye mini magani nan a bayan ɗaki, ni ina ta neman sa a takarda!"

Bai ko koma ya ɗauki hularsa ba, ya zarce fada. Aka kira Sarkin Magina Nagoma, wani gajeren tsoho mai faɗin kafaɗa, ya zo da jama'arsa, laka har gwiwa.

Malam Haladu ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, amanar 'ya'yan mutane aka ba ni, ga ramin waɗannan bayin Allah yana neman raba arba'in daga cikinsu da karatu. Abu biyu nake roƙo, a ba ni ɗaya. Ko su cike ramin su tashi daga nan, ko su riƙa sayen maganin da sauronsu ke jawo mana."

Sarkin Magina ya gyara zama ya ce, "Allah ya ja zamanin Marafa. Katangar da Malam ya leƙo ta kanta, daga ramin nan aka haƙo ta, da ajin da yake koyarwa, da ɗakin da yake kwana. Gida talatin ke ci daga wurin tun kakanninmu. In mun cike shi, mun cike tukunyarmu da ƙasa ke nan. Kuma mu ƙasa muke ɗiba, ita ce tamu. Ruwa kuwa Allah ya saukar da abinsa, ba mu kira shi ba, ba mu kiwata sauro ba. Ruwan nan ba namu ba ne."

Marafa ya ɗago kai ya ce, "Sarkin Magina, kunnena ya tsufa. Me ka ce game da ruwan?"

Ya ce, "Cewa na yi ba namu ba ne, ranka ya daɗe. Jama'a su shaida."

Marafa ya ce, "To, sun shaida. Ku dawo ranar Alhamis."

Malam Haladu ya fita yana cizon leɓe, yana ganin magana a fili take, me za a jira har kwana uku? Washegari ya hango Marafa tsugune a bakin kududdufin, babbar riga a naɗe a kafaɗa, yana ɗibar ruwa da ludayi yana dubawa kamar mai auna koko. Daga nan ya shiga ɗakin shan magani ya daɗe yana yi wa Malama Laraba tambayoyi. Jibin kuma aka ce an gan shi can unguwar masunta da ludayin nasa. Malam Haladu ya ce a ransa, shi ke nan, tsufa ya zo wa hakimi a daidai kan shari'ata.

Ran Alhamis fada ta cika. Aka ajiye farin daro a tsakiyar fili cike da ruwan kududdufin, kowa ya leƙa sai ya ga 'ya'yan sauro, wasu 'yan tsutsotsi baƙaƙe, suna wutsil-wutsil ba su ƙirguwa.

Marafa ya ce, "Ga hukuncina. Ba za a cike rami ba, don ba na kashe sana'ar gida talatin. Magina ba za su biya magani ba, don ba su da shi. Ƙasa tasu ce, kamar yadda suka faɗa. Ruwa kuwa sun ce ba nasu ba ne, kuma abin da ba shi da mai shi a ƙasar nan yana hannun hakimi. To, na ba makaranta ruwan kududdufin nan kyauta, daga yau har illa ma sha Allahu."

Wani daga baya ya kasa daurewa ya tuntsure da dariya, sauran suka taya shi. Magina har da tafawa. Malam Haladu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Cuta na kawo ƙara, sai a naɗe ta a ba ni tukuici? Me zan yi da ruwan sauro? In kai wa hukuma shi a gora in ce ga maganin yara?"

Marafa ya ce, "Faɗi duk abin da ke ranka, Malam, muna ji." Ya kuma yafito wani baƙin mutum siriri da ke zaune a gefe da tulu a gabansa. Sarkin Ruwa Audi ne, shugaban masunta. Ya matso ya tuttule tulun cikin daron, sai ga 'ya'yan kifin karfasa guda bakwai, kowanne bai fi ɗan yatsa ba.

Malam Haladu bai ko dube su ba. Ya shiga kawo bayani tun daga shekarar da ya zo garin, da daminar da aka kwantar da yara sittin, da takardun da ya rubuta ba amsa. Ya daɗe yana yi, don malami ne, in ya kama magana sai an kaɗa ƙararrawa. Da ya tsaya shan iska, Marafa ya ce, "Malam, leƙa ruwanka."

Ya leƙa. Ya murza ido ya sake leƙawa. Kifi bakwai na zagaye da cikkuna tim, 'ya'yan sauro kuwa sai ɗai-ɗai a gefe, su ma ana bin su. Ya durƙusa a gaban daron, ya buɗe baki, magana ta ƙi fita. Mutanen garin sun ce ran nan ne kaɗai aka taɓa ganin haka.

Marafa ya ce, "Tafkin unguwar masunta ya fi wannan girma, na ɗibi ludayi goma a cikinsa ban sami tsutsa uku ba, saboda akwai masu gadi a ciki. Su kuma masunta kogi ya ja baya, suna neman ƙarin ruwan da za su yi kiwon kifi. Magini ba zai ba masunci raminsa ba, masunci ba zai roƙi magini ba, kowa na tsare girman gidansu. Amma dukansu suna iya yi wa makaranta aiki ba wanda ya ji kunya. Sarkin Ruwa zai zuba kifi ya kwashe kainuwa. Magina za su cike ƙananan ramuka da ɓaraguzai, su riƙa haƙa wuri ɗaya mai zurfi. Ranar kamu a kasa kifi uku: kashi ɗaya na masunta, ɗaya na tukunyar ɗalibai, ɗaya a sayar a sayi magani da gidan sauro."

Sarkin Magina ya ce, "Mu fa, ranka ya daɗe? Gumi kawai?"

Marafa ya ce, "Jikokinka nawa ke kwance yanzu?"

Tsohon ya sunkuyar da kai ya ce, "Biyu."

Marafa ya ce, "To sauron bai tambaye su ko suna makaranta ba. Na yi magana da Malama Laraba, ta yarda kowace ranar kasuwa za ta duba 'ya'yan magina da na masunta, in Malam ya amince, tun da ɗakinsa ne."

Malam Haladu, wanda fushinsa ya riga ya bi ruwa, ya ce, "Na amince, wallahi na amince!" Ya juya ya rungume Sarkin Magina, laka ta ɓata masa farar riga, bai damu ba.

Ya roƙi hukuma ta ba shi shekara ɗaya kafin a taɓa kuɗin, aka ba shi da ƙyar. Da rani aka yi kamu, gari ya fito kallo, ɗalibai suka ci kifi har suka fara zaɓen tsoka. Ba zan ce muku sauro ya yi ƙaura daga Gangaren Marke ba, wannan ƙarya ce. Amma daminar da ta biyo ba a shimfiɗa tabarma ko ɗaya a baranda ba, kuma aka rufe zango da sauran magani.

Ranar da aka dawo sabuwar shekarar karatu, wani manomi mai suna Nomau ya iso da kekensa da igiya a ɗaure a baya. Ya gaida Malam Haladu ya ce, "Malam, akwatin 'yata Hansai na zo ɗauka. Mun ji tun bara cewa bana za a ninka kuɗin magani, ni kuwa ba ni da hali. Ta kwana biyu tana kuka, amma ya zan yi?"

Malam Haladu ya ce, "Baba, ba a ninka ba. An rage rabi."

Nomau ya kawo kunne ya ce, "An yi me?"

"An rage rabi, na ce!"

Manomin ya dubi igiyar da ya zo da ita. Can ya ce, "To Malam, in haka ne, akwai ƙanwarta a gida, ta fi ta ma kai. Gobe zan kawo su su biyu."

Malam Haladu ya yi dariya har hawaye suka zubo masa, ya daka wa masinja tsawa a kawo wa baƙo ruwa.

Masu hankali suka ce, wanda ya ɗauki maƙwabcinsa abokin shari'a kawai, shi kaɗai zai ɗauki nauyin ciwonsa. Wanda kuwa ya tambayi abin da ke hannun maƙwabcin, sai nauyin ya rabu, kowa ya koma gida da rabonsa.