Keken Malam Barau

Ku matso, yau ma ga abin gardama na kawo muku.

An yi wani dattijo mai sayar da turare, Malam Barau. Duk ranar kasuwa yakan hau kekensa ya bi hanyar gonaki, tafiyar kilomita talatin. Ba ya riƙe waya. Kuma bai taɓa gaida mutum yana bisa keke ba. Sai ya sauka, ya jingine shi, ya tambayi gida da yara.

Wata safiya ya fita da ƙarfe shida. Matarsa Tasalla ta daɗe tana jinya, amma ita ta ce ya tafi, ta ji sauƙi. Ƙarfe takwas jiki ya rikice. Ta ce, "Ku kira mini Malam."

Babban ɗansu Shekarau ya tayar da babur, zai nufi kasuwa ta titi. Ƙanensa Ɗantani ya riƙe shi.

"Yaya, Baba ba ya isa kasuwa sai sha ɗaya. Kafin ka jira shi ku dawo, mun rasa Inna."

"Kai dai da lissafi. Tsohon nan akwai gudu, ai ya kusa kaiwa."

"Akwai gudu, akwai kuma gaisuwa."

Ɗantani ya tsuguna ya zana a ƙasa: kilomita talatin cikin awa biyar, shida ke nan kowace awa, har da sauka da jinginewa. Ya ce, "Hanyarsa tana ratsa titi a Mashigin Gawo, kilomita goma sha takwas ta gonaki. Ƙarfe tara yana wurin. Can za ka tare shi."

Shekarau ya tafi. Ruwa ya zaizaye titin, ya faɗi, gwiwa ta fashe, ya tashi bai ko duba ba. Yana isa ya hango uban a ƙasa, yana gaida wata tsohuwa mai itace. Ya goyo shi, suka bar mata ajiyar keken.

Autarsu Lantana kuwa ta ɗora kan uwar a cinyarta, tana jiƙa mata leɓe da ruwa. Duk sanda ido ya fara rufewa sai ta ce, "Inna, yanzu Baba yana bakin rijiya, ya sauka." Can kuma, "Ga shi wajen masu noma, ya sake sauka." Uwar ta yi murmushi ta ce, "Mutumin nan da gaisuwa." Haka ta riƙe ta.

Malam Barau ya shigo, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Tasalla, yaya jiki?"

"Da sauƙi, Malam. Yaya hanya?"

Kafin azahar Tasalla ta cika, hannunta cikin nasa.

Bayan sadakar arba'in ya ce ba zai ƙara hawa keken ba, zai ba wanda ya sa ya iske ta da rai. Ya dubi 'ya'yan nan uku, ya kasa miƙawa.

Ni ban iske tawa da rai ba, shi ya sa ba ni da bakin yanke hukunci. Ku ku faɗa: da mai lissafi, da mai babur, da wadda ta riƙe uwar, wa za a ba keken?