Kyalla da Maƙwabcin Bayan Danga

Ga ta nan, ga ta nanku, ku da idonku ya ƙi rufuwa.

"Ta zo mu ji ta, Iya, amma mai ban tsoro muke so!"

Mai ban tsoro. Kullum mai ban tsoro. Shekarau, kai ka fi kowa roƙo, kai ne kuma za ka tashe ni in raka ka bayan ɗaki. Ni tun asuba nake sussuka, bayan nan nawa kamar na aro. To, ku zauna. Tasalla, matso da tabarmarki. Ba mai ban tsoro zan ba ku ba, zan ba ku ta wadda ta koyi ba da tsoro.

An yi wata tsohuwar akuya ana ce mata Kyalla. Ta tsufa har haƙoranta sun zube, gwiwoyinta sun ƙi. In gari ya waye aka kora awaki kiwo, ita sai a bar ta a garke tare da ƙananan da ba su isa bin iyayensu ba. Aikinta ke nan, renon ƴaƴan wasu, ga rana, ga ƙuda.

To, dangar garken nan gara ta ci gindinta har ta bar wata kafa, daidai wucewar ɗan akuya. Bayan kafar kuwa gonar wake ce, kore shar. Kun san halin yaro da abin da aka hana shi. Kyalla ba ta iya gudu, ba ta iya tunkuyi. Baki kawai ya rage mata.

Sai ta ce musu, "Kada ku leƙa kafar danga. Akwai dodo a waje, kansa biyu."

Suka ji tsoro. Da tsoron ya fara sanyi ta ƙara masa kai ɗaya. Da ya sake sanyi ta ƙara masa wuta a baki, da ido kamar faifai. Haka ta yi ta ƙari har ita kanta ta manta kawunan nawa ne. Yaran suka mai da abin wasa.

"Kaka, jiya kin ce bakwai."

"Kaka, da wanne yake cin tuwo?"

A cikinsu akwai jikokinta biyu, tagwaye, Ɗan Fari da Ƴar Baƙa. Su kaɗai suka rage mata a duniya. Rannan Kyalla ta ɗan gyangyaɗa, sai Ɗan Fari ya ce bari ya je ya ƙirgo kawunan da kansa. Ya bi ta kafar ya fita. Bai dawo ba.

Kyalla ta yi kuka har muryarta ta dushe. Bayan ƴan kwanaki kuma sai ga Ƴar Baƙa ta fara zura kai ta kafar, tana cewa wai ko za ta hango ɗan'uwanta.

Ana nan, rana ta take, yara sun yi barci, sai Kyalla ta ji murya daga bayan danga.

"Salamu alaikum, mai garke. Ina gajiya?"

Kowa in an ce masa haka sai ya ce ba gajiya. Ita Kyalla ta ce, "Akwai ta. Wane ne?"

"Maƙwabci ne. Can gindin suri nake, kusa da tsamiya. Ni kaɗai nake kwana, shi ya sa nake zuwa sauraron tatsuniyarki. Gwaggo, in faɗa miki gaskiya? Ba ki iya ba."

Ku kun san ko wane ne? Dila ne. Ba ya iya shiga garken saboda karen gidan yana kwance a gindin rumbu. Shi so yake yaran su fito masa. Amma Kyalla ba ta ganinsa, danga ta tsare, murya kawai take ji mai daɗi da ladabi.

Ta ce, "In ban iya ba, koya mini. Na gaji."

Ya ce, "Rage kawunan nan. Abin da yaro ya gama gani a ransa ya daina tsoronsa. Kada ki nuna musu shi. Ki ba su ƙararsa kawai, da abu ɗaya ƙarami, sauran su ƙarasa da kansu."

Da yaran suka tashi, Kyalla ta tara su. Ta ce, "Ƙarya na yi muku, ba shi da kai bakwai. Ba wanda ya taɓa ganinsa. Abin da aka sani kawai, in yana kusa, tsuntsayen gona sukan yi shiru. Sai ka ji ganyen wake yana motsi, alhali ba iska."

"Sannan me, Kaka?"

"Shi ke nan."

Ranar ba wanda ya je kusa da kafa. Duk sanda tsuntsu ya yi shiru sai su dubi juna. Amma da aka kwana biyu suka saba, Ƴar Baƙa ta koma zura kai.

Rana ta take, muryar ta dawo.

"Salamu alaikum, mai garke. Ina gajiya?"

"Akwai ta, maƙwabci. Ya yi aiki, amma ya sake sanyi."

Ya ce, "Don ba ki ba su wanda za su ji wa tsoro ba. Ba a tsoron dodo don kansa, ana tsoronsa ne don wanda zai ci. Ki ɗauko wanda suka sani, ki bi a hankali, ki sa su so shi tukuna. Kada ki yi sauri. Mai sauri dariya yake ba mutane. Ni ma ina da ƙane, wata safiya na tashi na tarar da makwancinsa da ɗumi, shi babu. Har yau in na tuna sai gashin bayana ya miƙe."

Kyalla ta san wanda za ta ɗauko, kuma ba ta so.

Amma ta tara yaran. Ta ba su labarin Ɗan Fari, yadda yake atishawa in ya sa hanci a dusa, yadda yake hawa bayanta yana cewa shi ne sarki. Suka yi dariya. Ta bi da shi a hankali har bakin kafa, ya fita, ya tsinki ganye ɗaya, ya tsinki na biyu. Sai ya lura tsuntsaye sun yi shiru. Ya juyo zai kira kakarsa.

Nan muryarta ta karye. Ba da gangan ta tsaya ba, kuka ne ya tare ta. Yaran suka ƙanƙame juna. Daren nan Ƴar Baƙa ta kwana manne da cikin Kyalla kamar yadda ta saba, ita kuwa tsohuwar ko runtsawa ba ta yi ba. Ku yara ba ku sani ba, mai ba da irin wannan labari shi yake fara shan ɗacinsa.

Wannan ya daɗe yana aiki. Amma wake ya yi fure, ƙamshi yana shigowa, Ƴar Baƙa ta ce, "Ai shi yana waje, mu muna ciki. Kai kawai zan zura."

Rana ta take, muryar ta dawo.

"Salamu alaikum, mai garke. Ina gajiya?"

"Ta kai ƙashi, maƙwabci. Ba ni wanda ba zai yi sanyi ba, in huta."

Dila ya lashe baki. Abin da yake jira ke nan tun farko. Ya ce, "Saura ɗaya, shi ne babba. Tsoron da ke nesa ba tsoro ba ne. Kawo shi gida. Sa shi inda suke kwana, cikin abin da suka fi yarda da shi. In kin kai wurin, ki yi shiru, kada ki ƙarasa."

Da Kyalla tana da sauran ƙarfi, da ta tsaya ta yi tunani. Amma ta gaji, kuma sau biyu maganarsa tana fitowa daidai. Ta tara yaran a inuwar danga, ta sassauta murya.

Ta ce, "Abin nan ya daina jira a waje. Ya shigo. Ba ya shigowa da kamarsa, yakan ari jikin wanda kuka sani, da muryarsa. Yana nan cikin garke, yana kwance, yana tuƙa kamar kowa. Ba ya bin kowa da gudu. Sunanka kawai zai kira a hankali, ya ce zo nan. Kai kuma ka taso da ƙafarka, ka kwanta a jikinsa."

Ta yi shiru.

Ba ta taɓa ba da labari mai kyau irin wannan ba. Garke ya yi tsit, ko kunne ba mai kaɗawa. Ta duba ta ga Ƴar Baƙa ta zuba mata ido a tsorace. Tausayi ya kama ta, ta manta abin da ta gama faɗa yanzun nan. Ta ce a hankali, "Ƴar Baƙa, zo nan."

Wayyo! Garke ya watse. Ina za su gudu? Tsoro yana ciki, hanyar fita ɗaya ce. Duk suka nufi kafar danga, Ƴar Baƙa a gaba.

Allah ya sa Kyalla ta fi su kusa. Gwiwoyin nan da suka ƙi tashi, ranar suka tashi. Ta faɗa cikin kafar ta toshe ta da jikinta, kai a waje, gindi a ciki, yara suna ta tunkuyinta ta baya. Ta ɗaga ido. Ga maƙwabci a tsugune cikin wake, baki buɗe, miyau yana zuba.

Nan ta gane wanda ya ci Ɗan Fari. Ta kuma gane kafin kare ya taso daga gindin rumbu, an gama da wuyanta, sannan a ja ta gefe a jira na bayanta.

Dila ya ce, "Gwaggo, ina gajiya?"

Kyalla ta haɗiye kukanta. Ta ce, "Akwai ta. Ashe kai ne. To, shi ɗayan fa?"

"Wane ɗayan?"

"Wanda kuke zuwa tare. Kullum in kana magana ina jin numfashi biyu a bayan dangar nan. Naka mai sauri, nasa a hankali. Na ɗauka abokinka ne."

Dila ya yi dariya. "Ni na koya miki wannan."

"Kai ka koya mini. Jiya da ka tafi shi ya tsaya. Ya yi mini sallama da wata murya, ya ce ta ƙanenka ce, wai ya daɗe yana ajiye da ita. Ya ce ramin nan na gindin suri yana da daɗin kwana, can ciki, bayan inda kake sa kanka. Ya ce kai kana cewa kai kaɗai kake kwana."

Dariyar Dila ta ɗan rage. Ya ce, "Ƙarya ce. Tatsuniya ce."

"Ƙarya ce mana. Juya ka gani."

Ta ɗauke idonta daga kansa, ta dubi bayan kafaɗarsa, ta yi shiru.

Ku ji ikon Allah, daidai lokacin tsuntsayen gona suka yi tsit. Dilan suka gani suka yi shirun, kullum ma haka suke yi, amma ranar ce ya fara lura. Gashin bayansa ya miƙe. Ya san ƙarya ce, shi ya ƙera ta da bakinsa, amma wuyansa ya ƙi juyawa. Wani ganyen wake ya taɓa masa wutsiya. Sai ya yi wani irin ihu ya zura a guje, ya bi ta ƙaya, ya bi ta kwari, bai nufi gindin suri ba. Bai ƙara kwana a ramin nan ba har abada. Shi ya sa har yau in kun ga dila yana tafiya, sai ya ɗan yi gaba ya waiwaya, ya ɗan yi gaba ya waiwaya.

Da yamma masu gida suka zo suka zaro Kyalla daga kafar, suka toshe ta da sabon kara. Ba ɗan akuyan da ya sake fita.

"To ai ta ci nasara, Iya."

Ta ci, Shekarau. Amma da dare ya yi, Kyalla ta kwanta a gindin turkenta, ta gyara wuri a jikinta kamar kullum, ta ce, "Ƴar Baƙa, zo ki kwanta." Ƴar Baƙa tana can ƙarshen garke, ta manne da danga, tana kallonta.

Kyalla ta ce, "Ni ce, kakarki. Ƙarya na yi, babu komai."

Ƴar Baƙa ta ce, "Shi ma haka zai ce."

Ƴar Baƙa ta girma, ta yi ƙiba, ta haifi nata ƴaƴan. Tana gaida Kyalla daga nesa, tana bar mata harawa mai laushi. Amma har tsohuwar ta mutu, ba ta ƙara kwanciya a jikinta ba.

To kun ji. Sa wa yaro tsoro ba wuya, cire shi ne ba a iyawa. Kafin ka sa shi, ka duba ta wace ƙofa zai kori yaron, ka kuma duba wanda ya ba ka shawarar. Ni na iya irin wadda kuke roƙo, na iya ta sarai, shi ya sa ba na ba ku.

Ƙurunƙus kan karan danga, wanda gara ta ci ta bar mana saura. Shekarau, kashe fitilar nan. Tasalla, me kike kallona haka? Ni ce. Zo nan ki kwanta.

Yauwa, ƴar albarka.