Daminar da Zabi Ba Su Ƙyanƙyashe Ba

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta ƙaraso, kunnuwanmu na nan.

Wata damina zabi suka dare gida biyu a kan sarauta, na gabas da na yamma. Kullum sai saran juna. Ranar da aka kashe autan wata tsohuwar Zabuwa, sai ta tafi wurin Ɓauna tana kuka.

"Yaya, za mu ƙare. Zo ki raba mu."

Ɓauna akwai gaggawa, amma akwai tausayi. Ta ce, "Nuna min filin kawai."

To, zabi suna da wata al'ada. Ko ana gaba, wuri ɗaya suke zuba ƙwai a cikin ciyawa, kuma ba a gaya wa baƙo wurin. Zabuwa ta buɗe baki za ta ce ƙwan suna tsakiyar filin, ta tuna al'ada, sai ta nuna mata filin kawai.

Ɓauna ta kwaso garkenta, suka ratsa tsakiyar filin a guje. Zabi suka watse, faɗa ya mutu nan take. Da ƙasa ta daina girgiza, Zabuwa ta je ta buɗa ciyawa. Ɓawo da gwaiduwa ta tarar cakuɗe da laka, na gabas da na yamma.

"Ai da kin faɗa min!" in ji Ɓauna.

"Ke ma da kin tambaya, Yaya."

"Amma dai kun daina kashe juna."

"Mun daina," in ji Zabuwa. "Sai dai babu wanda za mu ba labari."

Shi ya sa har yau zabuwa take ƙwala kira a daji. 'Ya'yan waccan damina take nema.

Ƙurunƙus! Ga kan ɓera nan, kowa ya ɗebi rabonsa.