Makullin Ɗaki Na Uku

A'a, Hansatu, wannan ba makullin gida ba ne, sakar mini bakin zane. Na wurin aiki ne. Kwana biyu ke nan yana ɗaure a nan, ko tuwon sunan nan na kasa ci saboda shi. Tunda kin tono, ku matso, ƙila ku ne za ku raba ni da shi.

Kun dai san inda nake aiki, cibiyar binciken nan ta bayan gari, sashen dabbobi. E, ɓeraye. Ku yi dariyarku, na saba. Shekara goma sha tara ina wanke keji, ina canza musu shimfiɗar garin katako. Amma fa ba ɓeran rumbu ba ne. A ɗaki na uku akwai wasu baƙaƙe da Dakta Sakina ta sha wuya kafin ta samo. Jininsu irin na masu sikila ne, a kansu ake gwada magani kafin a kai ga mutum. Ni da na binne ɗana Mudi yana shekara tara saboda sikila, ba sai an gaya mini amfaninsu ba. Sai dai ba su da ƙwari. Sanyi kaɗan su kwanta, haihuwa kuwa da ƙyar. Suka yi ta ƙarewa har ya rage mace ɗaya mai ciki, namijin ma ya mutu. In ta tafi ba ta bar baya ba, aikin shekara shida ya bi ruwa.

Wata Alhamis ta haihu, guda bakwai. Dakta za ta yi tafiya washegari, sai ta tara mu ta ce, "Kada wanda ya buɗe kejin nan har kwana biyar. Ta waje za ku leƙa." Domin ɓera mai jego, in aka dame ta ko ta ji baƙon ƙanshi, sai ta cinye 'ya'yanta. Shi ya sa ba ku taɓa jin turare a jikina ba ranar aiki.

Ranar Asabar da hantsi mu uku ne a wurin. Ni, da Lantana mai kula da ruwa da abinci, da Shekarau mai kula da fararen ɓeraye na ɗaki na biyu. Ta huɗunmu, Rifkatu, tana coci, ranar ake ɗaura auren 'yarta ta fari.

Ita Lantana tana da wata ɗabi'a da muke yi mata tsiya a kai. Kowace kwalbar ruwa sai ta ɗaura mata zare daidai inda ruwan ya tsaya. Ranar ta shiga ta fito, na ga fuskarta ba daidai ba. Ta ce, "Iya Barmani, ruwan mai jego bai motsa daga zare ba tun jiya." Na leƙa, sheƙar audugar tana nan a rufe, ba abin da ido zai gani. Muka kira Dakta, waya a kashe. Na ce, "In kika buɗe alhali tana lafiya, ta cinye su fa?" Ta ce, "Mai shayarwa ba ta wuni ba ta sha ruwa ba. In na yi kuskure, ku ce ni ce." Ta sa safar hannu, ta ɗaga audugar. Uwar ta mutu, har ta sandare. Jariran suna ƙarƙashinta, jajaye kamar 'ya'yan gyaɗa, ɗaya ya riga ya bi ta. Lafiyayyen jinjiri ana hango farin nono a cikinsa ta fata. Waɗannan shida babu ko ɗigo, ga jikinsu sanyi ƙalau. Lantana ta cika safar hannu biyu da ruwan ɗumi ta ƙulle bakin, ta kwantar da su a tsakani, tana juya su da yatsa ɗaya-ɗaya har suka fara motsi. Da ta bi doka, da Dakta ta dawo ta tarar da gawa takwas.

To, an ɗumama su, amma ɗumi ba nono ba ne. Bakinsu ya yi ƙanƙanta da a ɗiga musu wani abu, sai dai a samo wata uwar da ta haihu a kwanakin. Muka bi katin kowane keji a ɗaki na biyu, babu. Mai ciki akwai, wadda ta yaye akwai, mai jego babu. Shekarau yana tsaye a bakin ƙofa, gumi yana bin wuyansa, ya kasa haɗa ido da kowa. Can ya ce, "Akwai ɗaya." Ashe mako biyu da suka wuce an ba shi umarni ya rage fararen da suka yi yawa. Ya ɗauko wata ya ji cikinta da nauyi, ya kasa kashe ta. Ya ɓoye ta a kantar ƙasa bayan tarin keji, ba kati, yana ba ta abinci a sace. Kwana uku da haihuwarta, 'ya'ya tara. A wurinmu, ajiye dabbar da ba ta cikin takarda laifin kora ne, kuma mutumin nan yana da baki shida a gida. Da ya yi shiru, ba mai sani har abada. Ya sunkuya ya jawo kejin da hannunsa, ya ce, "Ga ta. Abin da zai same ni ya same ni."

A nan ne ni na yi ɓarna, ba zan ɓoye muku ba. Gaggawa ta ɗebe ni, na ce a gwada da ɗaya. Muka ajiye shi a gefen sheƙarta. Ta fito ta shinshina shi, kafin mu ƙifta ido ta kama wuyansa. Saura biyar. Azahar ta gabato, motsin jariran yana raguwa, ga uwa ga nono, amma ba wanda zai ƙara miƙa hannu.

Sai na kira Rifkatu, domin duk cikinmu ita kaɗai ta taɓa haɗa uwa da 'ya'yan wata. Ina jin kiɗa a bayanta. Na ce, "Ƙanwata, ki yafe mini, ki gaya mana ta waya kawai." Ta ce, "Iya, abin a hannu yake, ba a baki ba." Ta hau acaɓa da anko da ɗaurin kanta, ta bar amarya ana shirin kai ta. Ta iso tana ƙamshi tun daga ƙofa, ta tuɓe ta yi wanka sau uku da sabulun salo har fatarta ta yi ja. Ta fitar da farar uwar zuwa wani keji. Ta ɗebo shimfiɗarta ta kusurwar da take fitsari, ta murza a safar hannunta, ta shafe jariran biyar da ita tun daga kai har wutsiya. Sannan ta ce, "Nononta goma ne, baki goma sha huɗu ba za su ƙoshi ba. Sai an cire biyar daga nata." Shekarau ya juya baya. Lantana ta fita. Ni ma ban iya ba. Rifkatu ce ta zaɓa, ita ta kawar da su yadda aka koya mana, ba tare da sun wahala ba, tana yi hawaye yana jiƙa mata takunkumi. Ta cakuɗa biyar ɗin da huɗun da suka rage, ta mayar da uwar, ta ce kowa ya daina numfashi da ƙarfi.

Uwar ta zagaya sheƙar. Ta shinshina wannan, ta shinshina wancan. Ta ɗauki ɗaya a baki, namu ne, domin namu ana ganin baƙin idonsu ta fata. Lantana ta damƙe mini hannu har farcenta ya shige. Uwar ta tafi da shi tsakiyar auduga, ta ajiye, ta dawo ta ɗauki wani. Da ta gama, ta kwanta a kansu. Rifkatu ba ta tashi daga kujerar nan ba sai bayan la'asar, da ta hango farin nono a cikin dukan biyar ɗin. Ta koma ta tarar an tafi da 'yarta. Har yau yarinyar ba ta gama hucewa ba.

Shekaranjiya aka yaye su, mata uku, maza biyu, baƙaƙe wuluk a jikin farar uwa. Dakta ta ji komai, ba ta kori kowa ba. Sai ta kira ni ofis ta ce daga yanzu ɗaki na uku zai samu mai riƙe shi shi kaɗai, wanda za a tura koyo na wata uku, kuma ba mai shiga sai da izininsa. Ta ɗora mini wannan a tafi, ta ce, "Iya Barmani, ke kina wurin, ni ba na nan. Ran Litinin ki miƙa wa wanda ya dace." Na ce ni aji huɗu na tsaya. Ta ce ba karatu ta tambaye ni ba.

Mutanen nan uku shekara da shekaru kwano ɗaya suke ci. Tun da maganar ta fita, kowa sai ya gaishe ni ya sunkuyar da kai, ba wanda ya roƙa. In na ce Lantana, sai in tuna ɗumi kaɗai da bai kai su magariba ba. In na ce Shekarau, ai uwar tasa ta kashe ɗaya a gabanmu, kuma Hajiya Kande, na ga bakinki, za ki ce ba a ba mai ɓoye-ɓoye makulli. To ita Lantana ba doka ta taka ba? In na ce Rifkatu, su wa za ta shafa wa shimfiɗar in an bar su sun mutu, wace uwa za ta ba su in ba a ɓoye ta ba?

Af, ga dangin miji can sun shigo, ko ruwa ba a ba su ba. Bari in je in tare su, ku yi ta gardamarku kafin in dawo. Amma kada kowa ta tashi sai kun gaya mini: tsakanin Lantana da Shekarau da Rifkatu, ran Litinin a tafin wa zan sa makullin nan?