Ɗanyen Katakon Can-Waje

Akwai wani mai shagon kafinta da ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Ana kiransa Can-Waje, domin sau ɗaya tak ya taɓa leƙa ƙasar maƙwabta, amma tun daga ranar bakinsa bai huta ba. Komai ya lalace sai ya ce, "Halinmu ne! Ha'inci a jininmu yake. A can waje ba a haka."

Wata shekara ya samu aikin kujerun makarantu ɗari biyu, aikin da shagon bai taɓa samun irinsa ba. Kashin farko bai yi wata guda ba kujerun suka fara tsagewa.

Ƙanensa, wanda shi ne babban kafintan shagon, ya ɗauko katako ya miƙa masa. "Yaya, ji nauyinsa. Ɗanye ne. Haka ake sayar mana, kuma rumfar shanya tana yoyo. Ka ba mu mako shida ya bushe."

"Kai ma ɗan ƙasar nan ne, dole ka iya kawo uzuri!" in ji Can-Waje.

A gaban kowa ya sallami kafintocin shagon duka, har da ƙanen. Mahaifiyarsu ta yi kuka, ta ce, "Ɗan'uwanka fa?" Ko a jikinsa. Ya tsallaka iyaka ya kwaso kafintoci biyar, yana ta washe baki kamar ya tsinci zinariya.

To, katakon dai shi ne, rumfar ma ita ce. Baƙin suka yi magana a kan ɗanyen katakon, ya ce su dai su yi, hannunsu daban ne. Ranar da kujera ta karye da wata ɗaliba, hannunta ya goce, a ranar makarantu suka janye aikin. Labari ya bazu, ko benci ba wanda ya sake kawo masa.

Can-Waje ya tare babban cikin baƙin. "Ashe ku ma haka kuke?"

Mutumin ya ce, "Maigida, a garinmu ma, a da, kujeru karyewa suke yi. Sai aka sa masu duba katako a kasuwa, wanda ya sayar da ɗanye a rufe masa rumfa. Mutanen dai su ne, ba a sauya mana jini ba. Shagon da aka fi yabo a can yanzu ma, naku ne suka buɗe shi. Waɗanda ka kora."

Wallahi abin tausayi. Da hannunsa Can-Waje ya sa wa shagon mahaifinsa kwaɗo. Ya kira ƙanensa har sau uku, wayar tana ta ringin ba a ɗaga ba.

Darasin shi ne, kada mu yi saurin ɗora ci baya ko ci gaban ƙasa a kan halin mutanenta. Sau da yawa bambancin yana cikin doka, da tsari, da kayan aikin da aka miƙa wa mutane. Wanda ya ce laifin a jini yake ya rufe wa kansa ƙofar gyara, kuma na kusa da shi ne za su fara shan wahalar raininsa.