Tafin Hannun Nomau

An yi wani mutum, jama'a, a wani ƙauye na bakin kogi da ba zan faɗi sunansa ba. Nomau ake ce masa. Bawan Allah ne shiru-shiru, irin wanda in ya zauna a majalisa sai an tashi ake tuna yana wurin.

Mutanen ƙauyen 'yan lambu ne tun kaka da kakanni, albasa da tumatir da attarugu, duk da ruwan kogin nan. Sai wani kamfanin sukari ya karɓi fadamar da ke sama da su, ya shuka rake har iyakar ganinka. Ya datse kogin, ya sa ƙofar ƙarfe mai sitiyari. Aka rubuta yarjejeniya, mai gari ya dangwala: duk Alhamis za a buɗe ƙofa, ruwa ya gangara wa 'yan lambu yini guda cur. Nomau aka ɗauka ya kula da ƙofar, aka ba shi ɗaki biyu a gidajen ma'aikata, shi da matarsa Tabawa da 'ya'yansu huɗu. Makulli kuwa yana ofis, sai an ba shi yake buɗewa.

Shekarar farko aka cika alkawari. Ta biyu, a buɗe yau, a tsallake mako uku. Ta uku, ku saurara, da rani ya yi tsanani sai makulli ya daina fitowa gaba ɗaya. Rake na ƙoshi, albasar talakawa na ƙonewa a fangali. Duk Alhamis Nomau zai je ya tsaya bakin ofis ya ce, "Ranka ya daɗe, yau Alhamis." A ce masa, "Mun sani, je ka." Haka, haka, har zanzaro ya yi gini a jikin sitiyarin.

To, kamfanin yana son sayar da sukarinsa a ƙasashen waje, su kuma can ba sa saye sai da takardar shaida cewa ba a ɓata ƙasa ba, ba a cuci maƙwabta ba. Masu ba da takardar suka aiko cewa suna tafe, a tara musu masu ruwa da tsaki su ji daga bakinsu.

Nan fa jami'in hulɗa da jama'a na kamfanin, wani mai zaƙin baki da ake kira Lawandi, ya tashi tsaye. Saura kwana uku baƙi su iso, sai ga makulli ya fito. Nomau ya yi rabin yini yana kokawa da sitiyarin da tsatsa ta cinye kafin ya motsa, tafin hannunsa duk ya yi bororo ya fashe. Ruwa ya gangara, kogi ya cika kamar ba a taɓa tare shi ba. Lawandi ya zaɓo mutum arba'in, kowa aka ɗinka masa sabuwar shadda. Waɗanda aka san suna da baki, ba a faɗa musu ranar taro ba. Matan da ke tafiyar awa biyu neman ruwan sha, ko a lissafi ba su shiga ba. Wai wannan shi ne jin ta bakin jama'a! Ku zaɓi mai magana, ku ɗinka masa riga, ku sa masa amsa a baki, sannan ku ce kun yi shawara?

Lawandi ya ja Nomau gefe. "Baba Nomau, kai ɗan gari ne, kuma kai ne mai ƙofa. In an tambaye ka, kalma biyu ce kawai: duk Alhamis. Ka ji ko? Ka kuma tuna ɗakin da kake ciki na waye."

Lawandi bai ko jira amsa ba. Tunda bai taɓa jin Nomau ya yi musu ba, ya ɗauka shirun nan amincewa ce.

Da Nomau ya faɗa wa Tabawa, sai ta ajiye muciya. "Malam, ina za mu kai yaran nan? Mutum arba'in za su ce e. A'a ɗinka guda ɗaya me zai gyara?"

Ya ce, "Tabawa, su arba'in ɗin ba su ke murɗa ƙofar ba. Ni za a tambaya a nan, ni za a tambaya a can."

Kada ku ɗauka bai ji tsoro ba. Wallahi ya ji.

Ranar taro aka kafa rumfa, aka jera kujeru, ƙamshin shinkafa da kaji na tashi. Shugabar masu binciken wata dattijuwa ce mai tabarau. Ta tambayi mai gari, ya ce, "Alhamdu lillahi, ba mu da kuka." Ta dubi mutum arba'in, kai arba'in ya gyaɗa. Mutanen da albasarsu ta ƙone, jama'a! Har ta fara rufe littafinta, sai ta ce, "Wa ke buɗe ƙofar?"

Aka nuna Nomau.

"Baba, yaushe kake buɗewa?"

Ya miƙe. Ya ce, "Ranki ya daɗe, shekaranjiya waccan na buɗe. Kafin nan, rabona da buɗe ta wata bakwai."

Sai Lawandi ya yi wata dariya ya ce, "Hajiya, a yi masa uzuri, tsufa ne, ranaku sun rikice masa."

Nomau bai yi gardama ba. Ya matsa gabanta ya buɗe hannuwansa biyu, ga fata a ɗaye, ga jan nama. Ya ce, "Da duk mako nake murɗa ƙarfen nan, da hannuna ya yi kanta. Ki duba ki gani."

Matar nan ta duba. Ta tashi, ba ta ci shinkafarsu ba, ta ƙi shiga motar kamfani, ta bi gefen kogi da ƙafa har lambuna. Ga ruwa na gudu, ga fangali bayan fangali a ƙone ƙurmus. Mata suka fito suka kewaye ta, kowacce da nata bayanin.

Aka hana kamfanin takarda, sai ya cika sharaɗi: kwaɗo biyu a ƙofar, makulli ɗaya a ofis, ɗaya a hannun kwamitin 'yan lambu, kuma a buɗe duk Alhamis a gaban shaidu. Ruwa ya dawo, albasa ta yi kyau.

Nomau fa? Mako bai zagayo ba aka kore shi, wai rashin ɗa'a. Aka fito da tukwanen Tabawa waje da rana tsaka. Ya koma ɗaki guda a gidan ƙaninsa, yana ƙwadagon ban ruwa a lambun wasu har Allah ya karɓi ransa. Abin da ya fi ƙona mini rai, da aka zo kafa kwamitin, cikin masu sabuwar shaddar nan aka zaɓo. Wasunsu har gaba suka yi da shi, wai ya kunyata su gaban baƙi. Da ruwansa suke noma, amma ba sa amsa sallamarsa!

Ku saurara, bayin Allah. Shaida amana ce, kuma ba mai faɗin ƙarya ne kaɗai mai shaidar zur ba. Wanda ya san gaskiya, aka tambaye shi, ya gyaɗa kai, shi ma ya yi ta. Kuma haƙƙin maƙwabci ba ya faɗuwa don an ba ka takarda mai hatimi.

Na san kowannenku yanzu yana ji a ransa shi ne Nomau. A'a! Nomau ɗaya ne a rumfar nan, sauran arba'in ne. Mu nawa aka kira taron rijiya, taron makaranta, taron rabon taki, aka ce akwai mai magana, muka sunkuyar da kai, muka karɓi abinci, muka koma gida muna zagin shugabanni? Akwai ranar da za a sake yi mana wannan tambayar, ɗaya bayan ɗaya, kuma ranar babu wanda zai ɓuya a bayan mutum arba'in. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun muna da bakin faɗinta.