Dashen da Alhaji Haladu Ya Tuge

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, ana ce masa Malam Ilu. Bawan Allah ne marar hayaniya. Tumatir yake nomawa a 'yar rumfar leda, irin wadda ake rufewa ruf saboda ƙwari da ruwan sama. Ku saurara da kyau, jama'a.

Wata shekara cuta ta shiga rumfunan garin. A ƙasa take zama, ta bi saiwa ta hau kara. Ganye ya yi rawaya, shuka ta yi yaushi, ka ba ta ruwa har ka gaji, ba za ta miƙe ba. Kowa ya yi asara, ban da Ilu. Shi dama ya taɓa gamuwa da cutar, shekara shida ya yi yana ware irin duk tushen da ya tsira, yana sake shukawa, har ya samu mai jurewa.

Maƙwabcinsa Alhaji Haladu, mai rumfuna biyar, abin ya tsaya masa a rai. Ya shiga gaya wa mutane wai Ilu ne ya yi musu asiri. Aka daina amsa sallamar Ilu. Shi kuwa ya ci gaba da aikinsa.

Ran nan da hantsi Haladu ya ga Ilu ya fita. Ya faki ido ya shiga rumfar Ilu, ya durƙusa yana tuge dashe yana tarawa a rigarsa. Sai ya ji sallama a bayansa, ashe Ilu ne ya dawo.

Ga Alhaji, dattijo guda, da furfurarsa, ga laka a gwiwa!

Ilu ya ce, "Alhaji, ajiye waɗannan. Tsohon iri ne, mako uku za su kwanta maka. Masu jurewar ga su can."

Ya cika masa kwando, ya ce, "Amma kar in ruɗe ka, ko a cikinsu wani kan mutu. Sai ka canja ƙasa."

Haladu ya ce, "Malam, ka ji abin da na faɗa a kanka?"

"Na ji. Ka bari sai la'asar ka dasa, yanzu rana ta yi zafi."

Wallahi da duka aka yi wa Haladu da ya fi masa sauƙi. Ranar Juma'a ya miƙe a gaban jama'a, kansa a sunkuye, ya ce ƙarya ya yi wa Ilu.

Jama'a, hassada kunya take jawowa, haƙuri kuwa ɗaukaka. Ni da ku, nawa muka ɓata wa suna don kawai nasu ya yi kyau? Wanda ya san ya yi, ya tashi ya je ya nemi gafara yau, tun ba a tsayar da shi gaban Allah ba.